Manhajar waya ko ajin haɗuwa ido da ido?

Sista, in gajiyar aikin jinya kike son ragewa, tsakanin manhajar koyon natsuwa da ajin da ake zama tare, ki ɗauki ajin. Kuɗin da kika ware wa manhajar ki sayi takalmin aiki mai taushi da su.

Na taɓa biyan irin wannan manhaja, da dala kuma. Ba zan ci haƙƙinta ba, tana taimaka wa wasu su samu barci bayan aikin dare. Amma wayar da za ki buɗe ta a ciki ita ce dai wadda ake kiranki da ita ki zo ki rufe gurbin wata. Iyakarta ke nan a wurina.

Ajin kuwa yana da tushe. Masanin kimiyya Jon Kabat-Zinn ne ya fara wannan tsarin rage damuwa ta hanyar natsuwa a 1979 a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, saboda masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mako 8 ake yi, zaman awa biyu da rabi kowane mako, sai atisayen minti 45 kullum a gida. To, wace nas ce ke da minti 45 tsakanin aiki da girki da yara? Wadda ta jagorance mu a ajin da na halarta, wata babbar sista daga sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ta san haka, sai ta gutsuttsura mana shi. Muna zaune kan benci bayan miƙa aiki, ta ce kowa ta bi jikinta da hankali tun daga yatsun ƙafa har tsakar ka, kar ta gyara komai, ta lura kawai. A nan na gane ashe haƙorana a datse suke tun safe, kafaɗuna kuma sun kusa taɓa kunne. Ta ce duk lokacin da muka tsaya wanke hannu, mu ji sanyin ruwan da santsin sabulun, mu ja numfashi uku kafin mu nufi gado na gaba. Wannan har gobe ina yi. In kuma kika yi fashi, washegari wata za ta tare ki a baranda ta ce jiya ba mu gan ki ba, abin da waya ba za ta yi miki ba.

Sai dai kar a yaudare ki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki (burnout) a matsayin abin da matsin wurin aiki ke haifarwa: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da jin ba ki taɓuka komai. Numfashi zai sassauta miki, amma ba zai ƙaro ma'aikata a ɗakin da aka bar ki ke kaɗai ba. Wannan maganar shugabanni ce da ƙungiya.

Ki kuma yi hattara da masu tallar kwas na kwana uku a WhatsApp har da satifiket, da masu haɗa miki da "maganin gajiya" a kwalbar da ba lambar NAFDAC. Ki tambayi mai koyarwar inda ta koya, ki nemi halartar zama ɗaya kafin ki tura ko sisi. In kuwa rashin barci da ƙunci sun kai makonni, ki fara da ganin likita, aji ya biyo baya.