Allurar cutar kansa ta sauke wa karena kumburi, sakaci ya ci masa ƙafa

Karen gadin gidana ne a nan Garwa. Kaluluwa ta fito masa ƙarƙashin muƙamuƙi da bayan gwiwa, kowace kamar ƙwan zabo, amma yana cin abincinsa. Likitan dabbobi ya zuƙi ruwan kumburin da allura, ya ce kansar kaluluwa ce, limfoma, in an bar shi haka da wuya ya wuce wata biyu. Bai ɓoye mini komai ba: magani huɗu ake juyawa, vincristine, cyclophosphamide, doxorubicin da prednisone, na kusan wata shida, kuma ba warkewa ba ce, yawanci shekara guda kare ke ƙarawa. Na amince. Masu cewa ina zubar da kuɗi a kan kare ba su kwana a unguwarmu ba lokacin da ɓarayi suka matsa mana.

Daga Yawunde aka aiko maganin cikin ƙanƙara, don vincristine ba ya jure zafi, kun kuwa san Garwa a watan Maris. Allurar farko ta ba ni mamaki ƙwarai. Cikin 'yan kwanaki kumburin ya sace, gashinsa bai zube ba, ya koma haushinsa na dare. Har na fara tura mutane wurin likitan.

Sai ranar da likitan ya fita, ya bar wa yaronsa aikin. Ba wanda ya riƙe karen da kyau, ya fizge, allura ta kauce daga jijiya, magani ya shiga ƙarƙashin fata. Duk mai wannan sana'a ya san vincristine na cin nama idan ya fita daga jijiya. Na nuna wa yaron wurin, ya ce, "Alhaji, ba komai, zai sace." Bai sace ba. Ƙafar ta kumbura, fatar ta yi baƙi, ta fashe ta zama gyambo, ga ƙuda. Dabba tana ɗingishi tana kuka, wallahi abin ya ƙona mini rai. Aka dakatar da magani har gyambon ya kame, kafin nan kaluluwar wuya ta fara dawowa. Kuma kuɗin wankin ciwon ni aka sa na biya!

Yanzu ma nake tuna cewa ranar ba a yi gwajin jini ba, alhali likitan da bakinsa ya ce dole a duba fararen ƙwayoyin jini kafin kowace allura. Maganin yana aiki, na gani da idona, amma ba zan ƙara tura kowa wurin ba. Sauran alluran, in likitan ba ya nan da kansa, gida nake juyowa da karena.