Wankin kuben dandaƙaƙƙen doki: sharhi kan aikin likitocin da ke zuwa har barga a Kaduna

Akwai wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin garin Kaduna da ke tura likita da mataimakinsa har barga domin wanke kuben gaban dawaki da duba lafiyarsa. Yawancin masu kiransu 'yan folo ne, na wajen dandalin Murtala da na hanyar Maraban Jos, tunda a hannunsu aka fi samun dawakin da aka yi wa dandaƙa. Masu dawakin hawan sallah sun fi son ingarma, amma su ma sun fara kira. A ganinmu aikin ya cancanci kuɗinsa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, musamman saboda dubawar da ake yi a lokacin. Akwai kuma abubuwan da ba mu yarda da su ba a tsarinsu.

Dalilin da ya sa dandaƙaƙƙe ya fi ingarma tara dauɗa a bayyane yake. Ingarma yana fitar da gabansa gaba ɗaya a kai a kai, dauɗar tana kakkaɓewa. Wanda aka dandaƙe kuwa sau da yawa ko fitsari zai yi sai ya ɗan leƙo da kan kawai, wani ma a cikin kuben yake yi. Maiƙon da fata ke fitarwa sai ya haɗu da matacciyar fata da ƙura, ya zama baƙar dauɗa mai danƙo da wari a wasu dawakin, a wasu kuma busasshen ɓawo mai ruwan ɗorawa. Mafi muhimmanci shi ne wani ɗan aljihu da ke kan azzakarin, daidai gefen ƙofar fitsari. A nan dauɗa ke dunƙulewa ta yi tauri, daga girman ƙwayar wake har ta kai goro. Idan ta girma tana danne hanyar fitsari, sai ka ga doki ya buɗe ƙafa ya daɗe yana nishi, fitsarin yana fita a warwatse ko ɗis-ɗis.

Abin da ya fara burge mu shi ne ba sa taɓa ruwa sai sun yi tambaya: shekarun dokin, yaushe aka dandaƙe shi, yadda yake fitsari, ko yana goga gindin wutsiya a bango, yaushe aka ba shi maganin tsutsa. Likitan yana sauraron zuciya kafin ya yi allurar kwantar da doki. Zailazin suke amfani da shi ta jijiya, wanda ma'auninsa ke tsakanin miligiram 0.5 zuwa 1.1 a kowane kilo na nauyin doki. Cikin 'yan mintoci kai ya sauka, leɓen ƙasa ya saki, gaban ya zubo da kansa. Ba sa gaggawar ƙara asefromazin, wani maganin kwantar da doki, kuma sun yi daidai. Wannan maganin yana fito da gaban sosai, amma a wasu dawakin gaban yakan ƙi komawa, ya kumbura, har ya shanye. Haɗarin ya fi yawa ga ingarma, amma dandaƙaƙƙe bai tsira ba.

Tsayuwar mataimakin ma abin koyi ce ga duk yaron barga. Yana manne da haƙarƙarin dokin kusa da kafaɗa, fuskarsa na kallon baya, mai riƙe ragama yana ɓangare ɗaya da shi. Doki mai maye yana iya kai harbi gaba da ƙafar baya ba tare da ya nuna alama ba, don haka ba wanda ke durƙusawa a ƙarƙashin ciki.

Kayan wankin ba su da yawa: safar hannu, auduga, bokiti biyu na ruwan ɗumi kamar lita goma-goma, da man santsi irin wanda ke narkewa a ruwa. Suna shafa man a jikin gaban da cikin lanƙwasar kuben, su bar shi minti uku zuwa biyar dauɗar ta jiƙa, sannan su share da jiƙaƙƙiyar auduga, kowace a yar da ita bayan shara ɗaya. Busasshen ɓawo ba a ɓamɓare shi da farce, domin fatar wurin siririya ce, tana tsagewa, ƙuda kuma yana jira. Daga nan likitan ya riƙe kan gaban a tafin hannu, ya zura ɗan yatsa a hankali cikin aljihun nan, ya murza dunƙulen ya fito. Idan ya yi girma sai ya farfasa shi tukuna. Yakan ɗora shi a kan auduga ya nuna wa mai doki: abu mai launin toka, mai taurin busasshen sabulu. Ɗauraya ce ke cin lokaci, ana zuba ruwa har sai santsi ya ƙare gaba ɗaya, saboda duk abin da ya rage a ciki yana jawo ƙaiƙayi da kumburi.

Ba sa amfani da Dettol ko Izal ko garin sabulun wanki, kuma suna hana yaran barga. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a fatar kube, su ne ke hana miyagu samun wuri. Maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi yana share su, sai miyagun su mamaye, wari da ruwa su fi na da. Haka nan man shanu, basilin da baƙin man inji da wasu ke shafawa bayan wanki. Lokacin hunturu ƙurar Kaduna tana manne musu, cikin mako biyu dauɗa ta dawo ninki.

Dubawar ce inda likitan ya fi nuna ƙwarewa. Yana haska tocila yana juya gaban daga tushe zuwa kai, yana shafa kowace lanƙwasa. Abin da ya fi nema shi ne sankarar fata, wadda ta fi kama tsofaffin dandaƙaƙƙu, musamman masu farar fata ko ja-ja a wurin. Tana farawa da ɗan farin tabo mai kauri ko ƙaramin gyambo da ya ƙi warkewa. A wannan matakin ana iya yanke ta ko a kashe ta da sanyi, doki ya ci gaba da aikinsa. Idan aka bari ta yi tsiro tana zubar da jini da wari, to magana ta koma yanke wani sashe na gaban, wani lokaci ma ta riga ta shiga kaluluwar matsematsi. A kili da hurde kuma yana laluben baƙaƙen ƙulluka masu tauri a kube da ƙarƙashin wutsiya, waɗanda ke yawaita a dawaki masu wannan launi idan shekaru suka ja.

Da damina matsalar ƙuda ce. Ƙudan gida yana ɗauko 'ya'yan wata tsutsar cikin doki daga kashi, ya ajiye su a wuri mai laima kamar ƙofar fitsari, sai gyambo ya tashi, ja, mai ƙaiƙayi, da 'yan ƙwayoyi rawaya a ciki. Da ido yana kama da sankara ƙwarai. Abin yabo a nan, likitan ba ya yanke hukunci da ido. Yana ba da maganin tsutsa ibamektin, miligiram 0.2 a kowane kilo, ya ce a kwashe kashi kullum, idan kuma yana shakka ya tura a yanki ɗan nama a gwada a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Idan kube ya kumbura ba zafi, yakan fara tambayar kwana nawa dokin ya yi a turke ba kilisa, domin tsayuwa kaɗai tana tara ruwa a wurin. In akwai zazzaɓi da rama da fari a ido, sai ya ɗebi jini a nemi sammore ko ciwon kaska.

Inda suka gaza ba ƙaramin abu ba ne. Nauyin doki da ido suke ƙiyastawa, alhali tsakanin dokin gida da na Ajantina akwai tazarar da ke iya kai kilo ɗari, kuma tef ɗin awon ƙirji ba shi da tsada. Idan dawaki sun yi yawa a barga ɗaya, mataimakin yana canza safar hannu amma bokitin ɗauraya ɗaya ne. Mai doki ya dage a zubar, a wanke, a sake ruwa kafin na gaba. Ba sa barin takarda. Tabon da aka gani bana ya kamata a rubuta inda yake da girmansa, a ɗauki hotonsa da waya, in ba haka ba baɗi da me za a kwatanta? Lokacin gasar folo ta ƙarshen shekara kuwa sai an sa rana tun da wuri, don ba sa samun sukuni.

Abin da muka fi ƙi shi ne tayin da suke yi na zuwa wanki duk wata da ragin kuɗi. Lafiyayyen doki ba ya bukatar wannan. Yawan wanki yana busar da fata, kuma allurar kwantarwa sau goma sha biyu a shekara ba gaira ba dalili ɗaukar kasada ce. Wata shida zuwa shekara ya isa, sai dokin da likita ya ga wani abu yana bibiya. Ƙarar nan da kube ke yi idan doki yana sassarfa iska ce ke shiga tana fita, ba dalilin kiran kowa ba ce.

Wanda zai kira su ya haɗa aikin da gogar haƙora, allura ɗaya ta yi duka biyun, ya kuma tabbatar rigakafin tetanas na dokin bai wuce lokaci ba. Bayan sun gama a janye harawa da dusa har dokin ya wartsake sarai, kamar awa ɗaya, don kada abinci ya shaƙe shi. Yawan fitsari bayan zailazin ba abin damuwa ba ne. Amma idan awa biyu ta wuce gaban bai koma cikin kube ba, a tallafe shi da tsabtataccen ƙyalle a ɗaure ta bayan doki don kada ya yi ta reto, a riƙa zuba ruwan sanyi, a kira likitan ya dawo nan take, kada a bari ya kwana.