Majanyi, Zobe ko Jakar Goyo: Abin da Na Gani Bayan Na Yi Amfani da Su a Legas

Goyon zane da majanyi ba shi da na biyu a cikin gida, a kan wannan ba na jayayya da kowa. Amma duk macen da take hawa danfo daga Agege zuwa Oshodi da jariri ta san akwai inda majanyi yake gazawa. Ƙofar motar gajera ce, dole ki sunkuya, kan yaron da ke bayanki shi ne yake fara kusantar ƙarfen sama, ke kuma ba kya ganinsa. Kujerun benci ne, an matse mutane kafaɗa da kafaɗa, babu yadda za ki zauna sai kin kwance goyon kin dawo da yaro cinya, kina riƙe da jaka da zane da majanyi, kwandasta yana buga jikin mota yana neman kuɗinsa. In kin sauka kuma ki sake goyawa a bakin titi cikin turereniya. Wannan ne ya sa bayan na yi arba'in ɗin ɗana na biyu na shiga neman abin goyo na zamani. Daga lokacin zuwa yanzu da ya fara takawa, na yi amfani da kusan duk irin da ake samu a garin nan, wasu saye, wasu aro daga ƙawaye.

Wanda ya fi cika kasuwa, daga Balogun har shagunan kayan jarirai na unguwa, shi ne mai arhar nan mai igiya biyu a kafaɗa da ɗan siririn mazauni da yake ratsa tsakanin cinyoyin yaro. Kyauta aka kawo min shi ranar suna. Gwaggona da ta zo daga Zariya zaman jego tana ganin yaron a ciki ta ce, "'Yar nan, wannan ai ba goyo ba ne, rataya ce. Dubi ƙafafunsa yadda suke reto." Gaskiyarta. Duk nauyin yaron a matsematsinsa yake, ƙafafu a miƙe suna lilo, ni kuma duk nauyinsa yana kan wuyana da kafaɗuna saboda babu maɗaurin ƙugu. Kafin mu kai asibiti rigakafin sati shida bayana ya riƙe.

Abin da Gwaggo ta gani da ido shi ne likitocin ƙashi suke faɗa. A watannin farko mahaɗar kwatangwalon jariri yawancinta guringuntsi ne mai laushi, ba ta gama zama ba. Cibiyar International Hip Dysplasia Institute da ke Amurka tana ba da shawarar a ɗauki jariri cinyoyinsa a buɗe, a tallafe su daga bayan wannan gwiwa zuwa bayan waccan, gwiwoyin su ɗan fi mazaunansa tudu, yadda in an dube shi zai yi siffar harafin M, musamman a wata shidan farko. Ba cewa nake duk yaron da aka saka a mai siririn mazauni zai samu matsala ba. Amma ki lura da yadda yaro yake zama a bayan uwarsa in an goya shi da zane: ƙafa ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan, zane ya tallafe cinyoyin, majanyi ya tokare ƙarƙashin mazaunai. Zaman da ake nema ke nan. Saboda haka ma'aunina na farko ga kowane abin goyo shi ne ko yaro zai zauna a cikinsa yadda yake zama a goyon zane. Wanda bai cika wannan ba, kome kyan launinsa, na bar wa mai shago.

Ba kuma abin mamaki ba ne, don asalin wasu daga cikin kayan nan daga wajenmu aka gano shi. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa-kai a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata suke goyo yaransu na kwance lafiya lau, da ta koma gida ita da mahaifiyarta suka ɗinka abin goyon da aka sa wa suna Snugli, aka yi masa rajista a 1969. Kamfanin BabyBjörn na Suwidin ya fitar da nasa a 1973. Ina son mata su san wannan don kada wata ta ji cewa majanyin uwarta ƙauyanci ne.

Abin goyo na biyu da na gwada shi ne dogon ƙyallen nan mai talewa, tsawonsa ya kai mita biyar, wanda ake naɗewa a jiki a gicciye sannan a zura jariri a ƙirji. Ga sabon haihuwa daɗinsa ba a magana. Yaro yana manne da ke, yana jin bugun zuciyarki, barci yake yi nan da nan, kuma nauyin ya bazu ko'ina a bayanki. Matsalarsa a Legas biyu ce. Ninki uku ne na yadi a kan yaro, a garin da ko kina zaune gumi kike yi, ɗana har ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da ƙirji. Sannan in za ki ɗaura shi a waje, bakinsa biyu sai sun ja ƙasa, kuma kowa ya san yadda ƙasar Mile 12 take a watan Yuni. Dabarar ita ce ki ɗaura tun daga gida, ki bar shi a jikinki, yaron kawai za ki riƙa cirewa kina mayarwa. Da yaro ya yi nauyi kuma sai ƙyallen ya fara saki yana zazzagowa. Kada a yi goyon baya da shi ko kaɗan, don yaro yana iya banƙarewa yadin ya biye masa.

Mai zobe ya fi ba ni mamaki. Yadi ne kamar mita biyu da zobba biyu na alminiyam a gefe ɗaya, a rataya a kafaɗa ɗaya, a zura bakin yadin cikin zobban a ja ya tsuke. Ranar rigakafi babu kamarsa: ana kiran layi ki sassauta ki ciro yaro a ɗora a sikeli, a yi allura, ki mayar da shi ki ba shi mama a ƙarƙashin hijabi ba tare da kowa ya lura ba. Maƙwabciyata da aka yi wa tiyata wajen haihuwa shi kaɗai ta iya amfani da shi a farko, saboda babu abin da yake danne mata mara. Ninki ɗaya ne, iska tana shiga, yana naɗuwa ya shige jaka. Tela ma zai iya ɗinka miki da atamfa mai ƙarfi, amma zobban dole su zama waɗanda aka yi don wannan aikin, zubi ɗaya marasa mahaɗi, ba zoben labule ko wanda mai walda ya lanƙwasa ba. Aibinsa shi ne kafaɗa ɗaya ce take ɗauke da komai, in tafiya ta yi nisa sai kin ji a jikinki.

A nan dole in tsaya a kan numfashi, don ya fi maganar ƙashi gaggawa. Akwai wani iri mai kama da jaka mai zurfi, wanda ake kwantar da jariri a ciki ya lanƙwashe, haɓarsa ta dafe a ƙirjinsa. A 2010 an janye kusan miliyan ɗaya na irin wannan ƙirar kamfanin Infantino daga kasuwannin Amurka bayan mutuwar jarirai uku. Jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, in haɓarsa ta danne ƙirji hanyar iska tana toshewa, kuma ba lallai ya yi kuka ba. Hukumar kare masu saye ta can ta ja hankali musamman a kan jarirai 'yan ƙasa da wata huɗu, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba nauyi, da masu mura. Ƙa'idar da ake koyarwa a Ingila mai sauƙi ce: ɗaurin ya tsuke sosai, ki riƙa ganin fuskarsa ba sai kin ɗaga yadi ba, kansa ya zama kusa yadda in kin sunkuyar da kai za ki sumbace shi, yatsa ya iya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa, bayansa kuma a tallafe. Mu muna da ƙarin abin lura da su ba su da shi, wato hijabi. Sau da yawa ina ganin 'yar uwa a tasha ta goya jariri ta lulluɓe shi ruf da babban hijabi mai kauri da tsakar rana. Niyyarta kare shi daga rana da ƙura, amma a ciki zafi ne da ƙarancin iska, kuma ba ta ganinsa. In za ki fita da goyo ki zaɓi mayafi marar nauyi, ki bar wa fuskarsa hanya, ki riƙa dubawa.

Mai tudun zama, wanda yake da faffaɗan bel da ɗan dandamali mai tauri da yaro yake zama a kai, ban daɗe da shi ba. Sai yaro ya iya zama da kansa, yana da girma ba ya shiga jaka, yana danne mara, kuma in babu sashen samansa hannunki ɗaya yana kan yaro koyaushe. Ga mai yaron da yake yawan cewa a ɗauke shi a sauke shi a cikin gida yana da amfani. A titi ban ga ribarsa ba.

Wanda na tsaya a kai shi ne jakar goyo mai faffaɗan mazauni da maɗaurin ƙugu mai kauri, irin ƙirar da kamfanin Ergobaby ya shahara da ita tun farkon shekarun 2000, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yi. Sirrinsa maɗaurin ƙugun ne. In kin ɗaura shi daidai a saman kwankwaso, nauyin yaro yana sauka a ƙugu da ƙafafu, kafaɗa daidaitawa kawai take yi. Masu kyau daga ciki ana iya rage faɗin mazaunin ko ƙara shi yadda yaro yake girma, wasu an rubuta suna ɗauka daga kilo 3.2 har kilo 20. Ni mai raga-raga na saya, kuma a garin nan ban ba kowa shawarar wanda ba raga ba. Da shi nake shiga babbar bas ta BRT in zauna yaro yana ƙirjina ba sai na kwance komai ba. Da shi nake hawa jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, daga tashar Agege zuwa Oyingbo, hannu ɗaya da kati, ɗaya riƙe da yayarsa. A cikin cunkoson Oshodi ina ganin kansa, ina iya kare shi da hannu daga kayan da 'yan dako suke wucewa da su.

Shi ma yana da nasa aibin. In yaro yana gaba ba kya ganin ƙafafunki, a matakalar gadar sama ko gefen kwata sai kin yi a hankali ƙwarai. Girki da shi a gaba haɗari ne, ga wuta ga mai mai zafi. Sallah ma ba ta yiwuwa da shi a ƙirji, ruku'u da sujada ba za su yi daɗi ba, alhali da majanyi ina idar da sallata yaro yana barcinsa a baya. Juya yaro ya fuskanci waje, wanda ake yawan nunawa a hoton kwali, sai wuyansa ya tsaya sosai, wajen wata biyar zuwa shida, kuma na ɗan lokaci, ba a barinsa ya yi barci a haka. Ni ban cika yi ba, hayaƙin motoci da ƙarar titin Legas sun yi wa fuskar jariri yawa. Kuma babu abin goyon da yake mayar da hawa okada da jariri ya zama lafiya, ko ya maye gurbin kujerar yara a mota.

Abin da ya fi faranta min rai ban yi tsammaninsa ba. Namiji a wajenmu ba ya ɗaura zane ya yi goyo, amma jakar nan maigidana ya karɓe ta ba musu. Ran Lahadi in za mu gaida 'yan uwa a Idi-Araba shi yake ɗaukar yaron. Wasu abokansa sun yi ta magana, wani dattijo kuwa a masallacin unguwa ya ce masa, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana, haka ake taimakon iyali." Yaron ya saba da ƙirjin ubansa, ni kuma bayana ya samu hutu.

Kuɗi ne babbar matsalar. Sabo na manyan kamfanoni ya haura dala 150 a ƙasashen waje, in an juya zuwa naira ba kowane gida zai iya ba. Na jabu masu ɗauke da sunayen kamfanonin nan kuma suna yawo, don haka in kin ga sabo fil da sunan babban kamfani a farashin da ya yi arha ƙwarai, ki yi shakka. Ni gwanjo na saya a kasuwar Katangowa ta wajen Abule Egba, kuma ban ga aibu a hakan ba in an duba da kyau. Ki ɗaura kowane maɓallin roba ki ji ya ce ƙas, ki fizge shi da ƙarfi ki ga ko zai kuɓuce, ki duba ko akwai tsaga a jikinsa. Ki bi ɗinkin inda igiyar kafaɗa ta haɗu da jikin jakar, don nan ne yake fara sakewa. Ki ja igiyoyin ki ga ko suna zamewa da kansu bayan kin tsuke. In mai kaya ya yarda, ki je da yaron ki saka shi a ciki a wurin, ki duba ko mazaunin ya kai daga gwiwa zuwa gwiwa, ki ɗan zagaya da shi ki ji inda nauyin yake sauka a jikinki. Kafin ya taɓa fatar yaro kuma a wanke shi da sabulu marar ƙamshi a shanya ya bushe sarai, don yara suna tsotsar igiyar kafaɗa, musamman lokacin haƙori.