Kafin ka biya kuɗin tsohuwar Marsandi SL, ta ina za ka gano hannuwan da ta bi?

Duk tsohuwar mota mai ƙofa biyu da aka kai ni gani a Katsina, sai dillali ya ce ta wani basarake ce, ko ta wani Alhaji da ke zuwa filin folo da ita. Ban taɓa jin wadda aka ce ta wani talaka ba ce. To tunda labari kyauta ne, mai saye yana da hanyoyi huɗu na tantancewa: takardun hannun mai mota, rahoton intanet, lambar shasi da katin kamfani, sai bakin tsofaffin bakanikai. Duk na bi su, kuma ba ɗaya suke ba.

Takardun hannun mai mota, wato lasin da shaidar mallaka da takardar canjin mallaka, mutum na ƙarshe kawai suke nuna maka, wani lokaci da wanda ya sayar masa. Ka karɓa, ka duba lambar rajistar motar a shafin hukumar kiyaye haɗurra, ka nemi takardar kwastan, amma kada ka ɗauka ka ga tarihi. Rahoton intanet irin na Carfax kuwa, ƙarfinsa a motocin Amurka da Kanada yake, kuma sai motar da lambar shasinta ke da haruffa da lambobi 17, tsarin da ya fara a 1981. Daga ranar da mota ta sauka Kwatano ta biyo Maraɗi zuwa Jibiya, rahoton bai san komai ba.

Ni dai lambar shasin da aka buga a jikin ƙarfen motar nake bi, ba farantin da aka liƙa da ƙusa ba, don wancan ana sauya shi cikin minti goma. Marsandi SL ɗin da aka fi gani a nan ita ce samfurin 107, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, kuma lambarta magana take yi. Idan ta fara da 107042, motar 280SL ce mai silinda shida. 107043 ita ce 350SL, 107044 kuma 450SL, 107045 380SL, 107046 500SL. A tsofaffin, lambobi biyun da ke biye ma suna da aiki: 10 sitiyarin hagu da giyar hannu, 12 sitiyarin hagu da giya otomatik, 20 da 22 kuma sitiyarin dama. Ka ga kenan, idan ƙarfe ya ce 22 amma ga sitiyari a hagu, an taɓa juya ta, kuma sai ka tambayi wanda ya juya da yadda ya yi da birki. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, saboda haka motar da aka ƙera da sitiyarin dama bayan nan, da wuya a ce don kasuwarmu aka yi ta, kome dillali zai rantse. Ita 560SL ta Amurka, ta 1986 zuwa 1989, da WDBBA48 take farawa, harafi na goma kuma shi ne shekara: G 1986, K 1989.

Da wannan lambar ake neman katin bayanan mota daga sashen tsofaffin motoci na kamfanin Mercedes-Benz. Katin yana nuna lambar injin da ta fito da shi, da ta giya, da launin fenti na asali, da kayan kujeru, da ƙarin kayan da aka sa mata a masana'anta. Ba ya lissafa sunayen masu ita, kuma sai ka nuna shaidar mallaka kafin a ba ka. Wannan sharaɗin ma riba ce gare ka: ka ce mai sayarwa ya nema, kai ka biya. Wanda motarsa ce tsakani da Allah ba zai yi gardama ba. Ga motar da aka yi wa kwaskwarima babu abin da ya kai katin nan, don shi ke raba maka abin da Bajamushe ya yi da abin da mai walda ya ƙara.

Da na san haka tun farko da ban ƙone ba. An kai ni wani gida a bayan gari, aka yaye tamfol, sai ga ta ja wur, but ɗinta na ɗauke da rubutun 500SL. Aka tayar, injin V8 ɗin nan mai silinda takwas ya yi gurnani, ni kuwa hankalina ya tafi. Dillali ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, hannu ɗaya ce, marigayin ko damina ba ya fita da ita." Na biya. Sai da na kai ta garejin wani dattijo wajen Ƙofar Ƙaura, ya sa yaro ya goge ƙarfen da tsumma da kananzir, ya haska fitilar waya, ya karanta a hankali: 107042. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan 280 ce, injin na babbar Marsandi ne mai ƙofa huɗu. Ni na taya sauke na asalin, shekarun baya." Na ce, "Baba, hannu ɗaya fa aka ce mini." Ya yi dariya ya ƙirgo mini mutum huɗu da yatsa.

Shi ya sa bakin tsohon bakanike ke zuwa na biyu a wurina. Yana iya ruɗe shekara, amma ba ya manta motar da ya kwana ƙarƙashinta. Ka je ba tare da dillali ba, kuma ka riƙe masa goro.

Sauya inji ba laifi ba ne, wani lokaci ma ya fi daɗin tuƙi. Laifin shi ne a karɓi kuɗin 500 a ba ka 280. Kuma wannan ƙaramar cuta ce. Akwai masu yanko guntun ƙarfen da lamba ke kai daga motar da ta yi hatsari, su yi masa walda a jikin wata, su shafe da fila da fenti. Ka sa hannu ta bayan wurin, idan ka ji tudun walda ka tashi. Ka ɗora maganaɗisu kewaye da lambar, inda ya ƙi kamawa fila ce. Haruffan kamfani a jere suke, zurfinsu ɗaya, na bugun hannu kuwa wani ya karkace wani ya nutse. A lamba mai 17 babu I, babu O, babu Q. Ka ga ɗayansu, jabu ce. Wurin lamba ya fi sauran ƙarƙashin bonet sheƙi? Tambayi dalili.

Akwai masu nuna tsohon hoto, wai ga motar a ƙofar fada. An ƙirƙiri jihar Katsina a 1987, don haka hoton da aka ce na 1980 ne ba zai ɗauki lambar jihar da ba a yi ba tukuna. Mita kuma kada ka kula ta, da sukudireba ake mayar da ita baya.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce motar gado. Tsofaffin motocin nan galibi a gidan mamaci ake samunsu, ɗa ɗaya ya ɗauki makulli ya sayar alhali ba a raba ba, akwai ƙanne mata, akwai marayu. Tawa ma bayan wata biyu wani ya yi mini sallama ya ce yana da kaso a ciki, sai da manya suka zauna na ƙara kuɗi. Yanzu in an ce "ta marigayi ce", sai na ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko magada duka sun sa hannu gaban mai unguwa, kafin in ko buɗe bonet.