Biron ƙirya daga layin kafintocin Wudil

A layin kafintoci na Wudil akwai wani bawan Allah da ke gurza ƙafafun gado da na kujera a inji. Biro ba shi ne abincinsa ba, sai an ba shi aiki yake yi. Ni na ba shi ne saboda Kawu, wanda ya ajiye alli bayan shekara 35 yana koyarwa a firamare. Na san hula da shadda za su yi masa yawa ranar walima.

Itacen ni na kai daga ƙauyenmu: guntun taɓaryar Inna, mahaifiyar Kawu, da ta karye tuntuni aka jingine ta bayan rumbu. Ƙirya ce. Mutumin ya ƙwanƙwasa ta, ya ce, "Malama, wannan sai ta dakushe mini ƙarfe, amma ta fi sabon katako, don ta gama bushewa." Ɗanye, in ji shi, tsagewa yake yi daga baya. Ya so mu yi da maɗaci don ya fi sauƙin gurza, na ce a'a.

Na tsaya na ga aikin. Ya yanki guntaye biyu, ya huda tsakiyarsu, ya zura siririn bututun tagulla da gam. Da gam ɗin ya kama sai ya ɗaura a inji, itacen na juyawa yana kara masa ƙarfe a hankali, jan gari na zuba masa a yatsu. Can wajen baki ya rage shi har ya kusa zama ɓawo. Daga nan samfefa, mai kaushi sannan mai laushi, sai kakin zuma. Bai shafa fenti ko kaɗan ba, kuma nan ya burge ni. Launin ya fito ja mai duhu, ga wani ɗan tabo na tsohon daka da ya bari da gangan. Yana da nauyi a hannu, ba ya zamewa.

To, sai abin da ban ji daɗinsa ba. Alƙawarinsa ba ya cika kan lokaci, kullum babu wuta, man janareto kuma ya yi tsada. Wannan na yi masa uzuri. Wanda ban yafe ba shi ne cikin biron: mai arha ya saka, tawadar tana yankewa a tsakiyar rubutu, maƙalin aljihun ma ruwan gwal ɗinsa ya fara koɗewa. Sunan Kawu da ya ƙona da ƙarfe ya ɗan karkace, sassaƙa ce hannunsa, ba rubutu ba.

Sai da na shiga Kano, wajen masu kayan rubutu a Sabon Gari, na samo ciki mai kyau aka canza. Duk mai son ya ba shi aiki, ya sayi cikin biron da ƙarafunansa tukuna, ya kai masa tare da busasshen itace, kuma kada ya bari sai biki ya matso. Suna kuwa a kai wa masu zane.