Man darbejiya na kasuwar Marwa da ƙwari masu ɓawo a bishiyar falo

Man darbejiya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe a kasuwar Marwa, da ke arewacin Kamaru, yana maganin ƙwarin nan masu ɓawo da ke manne wa bishiyoyin cikin gida, amma ba yadda masu tallarsa ke cewa a fesa sau ɗaya a huta ba. Na gwada shi ne a kan wata babbar bishiya 'yar dangin cediya, wadda masana ke kira Ficus benjamina, da ke cikin tukunyar siminti a falonmu, kanta ya kusa taɓa silin.

Kafin a ga ƙwarin, ɓarnarsu ake fara gani. Tayil ɗin da ke ƙarƙashin bishiyar yakan yi danƙo har ya riƙa kama tafin ƙafa, kiyashi su ja layi daga bango zuwa gindinta, sannan ganye ya rufe da wani baƙin abu kamar kunkunniya. Darɓar da ƙwarin ke fitarwa bayan sun tsotsi ruwan bishiyar ce ke jawo wannan duka, domin a kanta baƙar fumfunar take tsirowa, ita ce kuma abincin kiyashin. Idan aka juya ganye, sai a tarar da su jere a bin jijiyar tsakiya, ruwan ƙasa-ƙasa, ko motsi ba sa yi. Manyan sun riga sun lulluɓe kansu da wani kakin da ke kare su daga feshi, ƙananan da ba su daɗe da fitowa ba ne kawai ke yawo jiki a buɗe, kuma su ne man yake kamawa da kyau.

Amfanin darbejiya ba camfi ba ne. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fari sun cinye tsirrai sun bar wannan itace, a 1968 kuma aka ware sinadarin azadirachtin daga 'ya'yansa, wanda ke hana ƙwaro cin abinci da sake fata. Shi kansa man yana toshe wa ƙwaron hanyar numfashi. Ga wanda ke zaune a garin da darbejiya ta yi wa tituna inuwa, da wuya a sami maganin da ya fi wannan sauƙin samu da araha.

Sai dai rabin aikin na hannu ne. Na shimfiɗa leda a ƙasa, na hau tsani, na kankare manyan ƙwarin da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, na datse rassan da suka fi lalacewa, ina kiyaye farin ƙaron bishiyar domin yana sa fata ƙaiƙayi. Bayan haka ne na zuba ƙaramin cokali ɗaya na man, kimanin mililita 5, da ɗan sabulu a lita 1 ta ruwa mai ɗumi, na girgiza sosai, na feshe bayan ganye da rassa. Dole a maimaita duk bayan kwana 7 zuwa 10 na tsawon makonni, saboda sababbin 'ya'ya ba sa fitowa lokaci guda. A hankali danƙon ya daina zuba, kiyashi suka watse, sababbin ganye suka fito tsaf.

Abin da zan kushe shi ne rashin tabbas a kan ingancinsa, domin yawancin kwalaben ba su da takarda ko ranar matsewa, wata ma akan ji warinta ya yi rauni, alamar an sirka ta da wani mai. Na gaske yana da kauri da wari mai ƙarfi irin na tafarnuwa, wanda kan kwana a falo ko da an buɗe tagogi, kuma a lokacin hunturu yakan daskare, sai an tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Haɗin da aka yi ba ya kwana, a yi amfani da shi a ranar. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke wuce digiri 40, kada a fesa sai da yamma, kuma a fara gwadawa a reshe ɗaya, domin mai da zafi idan suka haɗu suna ƙona ganye.