Salatif ɗin "ƙafar tsaka": wanda za ka saya da wanda za ka bari a kanti

Duk ɗan hayar da maigida ya hana buga ƙusa a bango ya san salatif mai manne fuska biyu da ake tallarsa da hoton tsaka. Ita tsaka ba gam ne a ƙafarta ba, gashi ne sirara dubu ɗaruruwa, kowanne ya rarrabu har ido ba ya gani, su kwanta lif a jikin bango su kama. A 2003 Andre Geim da abokan aikinsa a Jami'ar Manchesta suka kwaikwayi hakan da roba. Salatif na gaskiya da aka yi ta wannan hanyar akwai shi, irin Gecko Nanoplast na Jamus, amma sai wuri mai santsi kamar gilashi, ga tsada.

Ni zaɓina mai kaurin nan ne garai-garai, milimita 2, mai laushi kamar ƙwai da ƙwai. Ba gashin tsaka a jikinsa, kuma ban damu ba. Ka shafa bangon ɗakinka, za ka ji tudu da kwari. Siririn salatif kan tudun kawai yake taɓawa, mai kaurin kuwa nutsewa yake cikin kwarin, shi ya sa yake riƙo. In ƙurar hunturu ta kashe shi, ka wanke da ruwa, ya bushe, ya dawo aiki. A tayil, gilashi da ƙarfe ba ya wasa. Amma jarka, bokitin roba da kaskon Teflon ba sa karɓar manne, Teflon ɗin ma ko tsaka zamewa take a kai. Fentin da ke barin gari a tafin hannu kuwa, garin zai kama, su faɗo tare.

Sauran abubuwan maƙalawa kuwa, maratayin roba mai tsotsar iska, kwana kaɗan ya saki. Farin salatif mai soso ba ya jure zafi. Sufa gulu kuma rigima ce da maigida ranar tashi.

Jabun ne ya cika kasuwa. Agogon bangona a zafin Afrilu ya faɗo, jabun salatif ɗin da na maƙala shi da shi ya narke yana dalala. Ka duba kwalin tsakiya da aka naɗe salatif ɗin a kai: in ya cika girma, an rage tsawon ne, ko me aka rubuta a leda. Ka dubi kaurin ta gefe, don wanda bai kai milimita 1 ba ma ana sayar da shi da sunan mai 2. Ka ja guntu, nagari zai miƙe ya koma, jabu ya tsinke ko ya bar danƙo a yatsa. Mai shagon da ya hana ka gwada guntu a gilashin kantarsa, ka wuce na gaba.